Bel takwas, mutum goma sha uku

Assalamu alaikum Edita,

Ina roƙon ka tsakura mini fili a jaridarka mai farin jini in yi magana da iyaye 'yan'uwana masu motar iyali, musamman masu Sienna, tun kafin tafiye-tafiyen sallah su kankama. Ni ba marubuci ba ne. Wayarin mota nake yi a Kano, shekara 22 ke nan, kuma wannan takardar ma sai da babbar 'yata ta zauna ta gyara mini rubutunta. In an ga wata magana ta fito a karkace, laifina ne, don akwai wuraren da na hana ta taɓawa.

Duk mako biyu kafin sallah garejinmu cika yake yi da Sienna kamar tasha. Buƙatun masu su ba sa wuce uku: esi ba ya kai sanyi baya, ƙofa ta daina zugewa da kanta, ko sifika ta fashe. Ranar Talatar da ta wuce wani Alhaji, tsohon kwastomana kuma mutumin kirki, ya kawo tasa ƙirar 2013, fes da ita, kujerun fata, har da ledar da aka rufe talabijin ɗin rufi ba a ɓare ba. Na gyara masa esi. Da zai tafi sai ya ce, "Af, Malam, kashe mini ƙarar nan da ke damuna in ban ɗaura bel ba." Na ce, "Alhaji, a yi haƙuri, na daina wannan aikin." Ya yi dariya ya ce, "To ai kai ka kashe mini na waccan motar." Gaskiya ya faɗa. Ni na kashe masa, kuma na kashe wa mutane da yawa da ba zan iya ƙirgawa ba. Shi ya sa nake ganin ina da bakin yin wannan magana, kuma wajibi ne a kaina in yi ta.

Kada a ɗauka kushe motar na zo yi. Ni ma ita nake hawa, ƙirar 2008 mai kujera takwas, kuma ban taɓa da-na-sanin sayenta ba. Mu mutanen Azare ne, kowace sallah can muke yi. Kafin in same ta, a wata tsohuwar salun muke tafiya, yara a kan juna, kaya a cinya, mu isa kowa fuska a murtuke. Mahaifiyata tana fama da ciwon gwiwa, kuma duk mai tsohuwa a gida ya san wahalar da ke cikin shigar da ita mota. Salun ta yi mata ƙasa, in ta zauna sai an kama hannu biyu an ɗago ta. Jif kuwa ta yi mata sama, sai an kafa mata kujerar tsugunno. Sienna ce ta zo daidai: daɓenta a ƙasa yake, kujerarta kuma tsawon kujerar falo, ga maƙalin hannu a jikin ginshiƙi. Ranar farko da Hajiya ta shiga da ƙafarta ba wanda ya riƙe ta, sai da ta sa wa wanda ya ƙera motar albarka, ba ta ma tambayi addininsa ba.

Ƙofar nan mai zugewa, wadda mutane ke ɗauka ta ƙawa ce, ni a lungu na san amfaninta. Layinmu mota ɗaya yake ɗauka. In na tsaya gab da katanga, yara za su fita ba tare da ƙofa ta daki bango ba, ba kuma fargabar ɗan acaɓa ya zo ya kwashe ta. Esinta kuwa biyu ne a haƙiƙa, don na baya yana da tasa fankar da nasa wurin sanyaya iskar, kuma ramukan iskarsa na bin rufi har layi na uku. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura 40, wanda ya taɓa zama a ƙarshen mota mai esi ɗaya ya san bambancin. Kujerun ƙarshe suna naɗewa su shige wani rami a but, wuri ya koma shimfiɗaɗɗe. Da haka na ɗauko kayan ɗakin ƙanwata lokacin bikinta, ban da gado da sif. In kuma kujerun suna tsaye, ramin nan shi ne ma'ajiyar kuloli da buhun shinkafa. Gilasan ƙofofin tsakiya suna sauka, abin da samfurin farko na motar ba ya yi. Wuraren ajiye kofi kuwa sun fi ƙarfin lissafi. Mutanen Amurka shayi da gahawa suke ɗorawa, mu kunun aya da ruwan leda, wani lokaci goron Hajiya.

A can Amurka aka haifi irin wannan mota. Kamfanin Chrysler ne ya fito da Dodge Caravan a ƙarshen 1983, a Faransa kuma Renault ya biyo da Espace a 1984. Toyota ta fara sayar da Sienna a 1997, kuma tun 2003 a jihar Indiana ake haɗa ta. Na kawo wannan ne don a san wa aka yi wa ɗinkin: miji da mata da 'ya'ya uku ko huɗu, a kan titi mai santsi, inda ɗan sanda zai tsayar da kai in ya hango yaro ba a ɗaure ba. Mu mun saye ta ne bayan ta yi shekara goma ko fiye a hannunsu, muka kawo ta ƙasar da gida ɗaya kan kai mutum goma sha biyar, titi kuma rami ne ke bin rami.

Tana da nata aibun, kuma wanda zai saya ya sani. Injinta silinda shida ne, shan mai take yi ba wasa. Zuwa Azare da dawowa kan cinye mini kusan kashi biyu cikin uku na tankin da ya kusa lita 80, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa ya san abin da hakan ke nufi. Cikinta a ƙasa yake, in an yi lodi sai ta riƙa gogar tudun rage gudu, bututun esin baya kuma ta ƙarƙashi suka bi, shi ya sa gas ke yawan zurarewa. 'Yan 2004 zuwa 2006 masu inji 3.3 da bel ɗin taimin suke aiki, sai an riƙa canza shi. Daga 2007 aka koma inji 3.5 mai sarƙa. Wannan kowane bakanike zai gaya maka. Abin da ba a gaya wa mutane shi ne wanda ya kawo ni.

Edita, ka shiga kowace Sienna ta gida ka ƙirga bel. Bakwai ne ko takwas. Wannan shi ne adadin mutanen da aka yi motar domin su, babba ko yaro, har jariri. Sannan ka tsaya a Wudil ranar jajibere ka ƙirga kawunan da ke cikin waɗanda ke wucewa. Na taɓa ƙirga goma sha uku a cikin tawa, da hannuna na shirya su: biyu a gaba ban da ni, wato maiɗakina da goyonta a cinya, biyar a tsakiya, biyar a baya. A lokacin alfahari nake yi da ita, ina cewa motar nan ba ta ƙin baƙo.

Abin da ya sauya ni ya faru shekara huɗu da suka wuce. An jawo wata Sienna garejin maƙwabcina mai gyaran bodi, tayar baya ce ta fashe mata a kan hanya ta yi ƙundumbala. Gyara ya gagara, sai aka ce a wargaza ta a sayar da kayan, aka kira ni in zare wayoyi da kwamfutocinta. Abin da na fara lura da shi, ɗakin motar bai murƙushe ba. Rufi ya lotsa ta gefe guda, gilasai sun tafi, amma kowace kujera tana nan a mazauninta, har ƙofar direba tana buɗewa. Jakunkunan iska na gefe, waɗanda ke kumbura su kare mutum in an yi haɗari, duk sun sauko kamar labule, wato motar ta yi abin da aka ƙera ta ta yi. Na tambayi wanda ya jawo ta, ya ce direban da wanda ke gefensa da ƙafarsu suka fita. Yara biyu ne suka rasu, kuma ba a cikin motar aka tsince su ba, ta taga suka fita. Da na zo cire rigar kujerun baya don in kai ga wayoyi, sai na tarar da bakunan bel ɗin duka a binne ƙarƙashin rigar. Mai ɗinkin bai ma huda musu hanya ba. Ƙarfensu na ƙyalli kamar ranar da aka fito da su daga kamfani. Na kuma ga ɗan guntun ƙarfen nan da ake sayarwa a danja, wanda ake cusawa a bakin bel don mota ta yi shiru, a cikin aljihun gaba. Ban san masu motar ba, ban kuma nemi in sani ba. Allah ya ji ƙan yaran, ya ba iyayensu haƙuri. Da na koma gida daren nan, tocila na ɗauka na je na cire rigunan kujerun tawa motar. Nawa ma a binne suke.

'Yata da ke karatun kimiyya ta yi mini wani lissafi da ya zauna mini a kai. Ta ce mota in ta daki abu tana gudun kilomita 50 a awa, wato gudun cikin gari, wanda bai ɗaura bel ba daidai yake da wanda ya faɗo daga tsawon mita goma, kusan saman bene mai hawa uku. In gudun ya ninka zuwa 100, faɗuwar ba ninki biyu take yi ba, huɗu take yi, kusan mita arba'in. To wace uwa ce za ta iya riƙe jariri a hannu ta faɗo daga nan bai suɓuce ba? Iyayenmu mata suna ganin cinya ita ce wuri mafi aminci a duniya, kuma a ko'ina haka ne ban da cikin mota. In uwar ba ta ɗaura ba, ita ce za ta danne shi da dashbod. In ta haɗa shi da kanta ta zagaya musu bel ɗaya, nauyinta ne zai matse shi. In kuma a gaba suke, jakar iskar da aka yi don ƙirjin babban mutum ita ce za ta fara samunsa, kuma fitowarta ta fi ƙiftawar ido sauri. Shi ya sa Hukumar Kiyaye Haɗurra take cewa yaron da bai kai shekara 12 ba kada ya zauna gaba. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ce mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a kan titi kowace shekara, kuma haɗarin mota shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Ita ce kuma ta ce bel yana rage haɗarin mutuwa da kusan rabi, kujerar jarirai kuma da kashi 71 cikin ɗari.

Kujerar jarirai na san za a ce ta 'yan boko ce, ko kuma tsada. Akwai ta gwanjo, kuma kuɗinta bai kai na rigar kujerun da muke ɗinkawa ba. Wanda ke da Sienna ta 2004 zuwa sama ya zura hannu tsakanin mazauni da majinginin kujerar tsakiya, zai taɓa wasu ƙarafa biyu. Maƙalin kujerar yara ne, dokar Amurka ta wajabta shi tun 2002. Ka biya kuɗinsa a cikin kuɗin motar, yana nan yana jiranka. Yaron da ya girmi kujerar amma bel na bi masa ta wuya, akwai ɗan matashin da ake ɗora shi a kai har bel ɗin ya sauka a kafaɗa. Bel ɗin tsakiya na layin ƙarshe kuma daga rufi yake saukowa. Da yawa sun shekara da mota ba su san yana can ba.

Yanzu ga maganar da 'yan sana'armu ba za su so in yi ba. Motocin da ake kawowa, ko ta tashar Legas ko waɗanda muke kira 'yan Kwatano, da yawansu daga gwanjon motocin da suka yi haɗari aka saye su. Wannan ba laifi ba ne in an gyara da gaskiya. Amma jakar iska in ta fashe sau ɗaya ta gama aiki, sabuwa kuma kuɗi ce. Sai a yanke tsohuwar, a liƙe murfin sitiyari, a fesa masa fenti, a kawo wa mai wayarin ya rufe wa mota baki. Hanyoyin sanannu ne a wurinmu: a cire ƙwan fitilar gargaɗin jakar iska, ko a shafe ta da baƙin tef, ko a jona ta da fitilar mai yadda za su kama tare su mutu tare. Mai saye ya shiga, ya ji ƙamshin turaren mota, esi na busawa, dashbod tsaf, ya biya. Ba ni da bakin zagin kowa, don na taɓa yi a farkon sana'ata, ina cewa ai umarni aka ba ni. Ina roƙon Allah gafara.

Ga yadda za ka gwada, ba sai da ni ba. Murɗa makulli zuwa inda fitilun dashbod ke kamawa, amma kada ka tayar da inji. Nemi fitilar jakar iska, wadda ke da hoton mutum a zaune da ƙwallo a gabansa. Dole ta kama, kuma bayan kamar daƙiƙa shida ta mutu da kanta alhali fitilar mai da ta batir suna nan a kunne. In ba ta kama ba sam, an taɓa ta. In ta ƙi mutuwa sai ka tayar da inji sannan ta mutu tare da ta mai, an jona ta. Akwai masu wayon da ke sa ɗan ƙaramin abu a soket ya yaudari kwamfutar, fitila ta yi daidai alhali ba jaka. A nan sai ka duba da ido. Ja kowane bel har ƙarshe ka sake shi, ka fizge shi ka ga ko zai cije. Duba ɗinkin gefen kujerun gaba da gefen silin ko an taɓa buɗewa. Sannan ka kwafi lambar shasi mai harafi da lamba 17 da ke ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, ka ba yaron da ya iya intanet. Sau da yawa har hotunan motar a filin gwanjo za su fito, ka ga yadda take kafin a yi mata kwalliya. Da wannan lambar ake kuma gane ko an yi wa motar gyaran da kamfani ya kira. A 2016 Toyota ta kira Sienna kusan 744,000 ƙirar 2011 zuwa 2016 a Amurka saboda ƙofar mai zugewa na iya buɗewa ana cikin tafiya in fis ɗinta ya ƙone. Wadda aka yi wa gyaran can shi ke nan, wadda ta baro ƙasar kafin nan fa? Wanda kuma yake zaɓe tsakanin shekaru ya sani cewa daga 2006 ne jakunkunan gefe suka zama a kowace Sienna, daga 2008 kuma na'urar da ke hana mota zamewa a kwana. Ni da za a ba ni zaɓi tsakanin 2005 mai fata da rufi mai buɗewa da 2008 mai kujerar yadi, ta yadin zan ɗauka, kuma ita na ɗauka.

Taya ita ce ke fara kawo yawancin labaran da muke ji. Buɗe ƙofar direba ka duba jikin ginshiƙi, akwai wata 'yar takarda a manne. A tawa an rubuta iska 35. Je wurin mai faci ka ce ya duba maka, in ba ka tsaya a kansa ba 50 zai ɗura, wai don lodi. Tayar da aka cika fiye da kima, ga zafin kwalta da rana tsaka, ga nauyi, ga rami, me ake jira? Wadda iskarta ta yi ƙasa ita ma zafi take ɗauka har ta yage. A wannan takardar dai an rubuta iyakar nauyin da motar ke ɗauka, mutane da kaya gaba ɗaya, kuma ba ya nisa da kilo 600. Manya takwas kaɗai sun kusa cinye shi, tun ba a sa buhun shinkafa mai kilo 50 ba, balle ragon da ake ɗaurewa a but. A gefen kowace taya kuma akwai lambobi huɗu a cikin ɗan zagaye: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2317, an yi ta a mako na 23 na 2017. Jami'an kiyaye haɗurra cewa suke wa'adin taya shekara huɗu ne. Tayoyin gwanjo da muke saye saboda zanensu bai cinye ba, wasu sun girmi 'yan firamaren da ke zaune a kansu. Safaya kuma a ƙarƙashin mota take rataye, ta gefen dama. Akwai waɗanda ba su taɓa sauke ta ba sai ranar da suka tsaya a daji suka tarar ba iska. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wani abin da ya shigo yanzu shi ne ɗaga motar da ƙarin ƙarfe a kan shokozoba don ta daina gogar ƙasa. Na fahimci dalili, amma duk abin da ka ƙara wa tsawo ka ƙara masa saurin kifewa.

A cikin gida ma akwai abin lura. Ƙofar lantarki an yi ta ta koma baya in ta ci karo da abu, amma a tsohuwar mota robar da ke jin taɓin kan mutu, kuma yatsan yaro ba ya da kauri. Gwada ta da gorar ruwa, kada ka gwada da hannu. A gefen ƙofar akwai ɗan maɓallin da ke hana buɗewa daga ciki, a tura shi. Motar doguwa ce, in kana baya da ita ba ka ganin yaron da ke rarrafe a bayanta. Amurka sai a 2018 ta wajabta kamarar baya a sababbin motoci, don haka yawancin namu ba su da ita, ko kuma ta mutu. Sa ta ba wani aiki ba ne, amma kafin nan ka zagaya motar da ƙafarka. Kuma a kulle mota in an ajiye ta a tsakar gida. Mun sha jin yara sun shiga wasa, ƙofa ta rufe, zafi ya gama da su kafin a farga.

Hajiyata ce ta fi ba ni wahala. Ta ce bel na shaƙe ta, yana yamutsa mata mayafi, kuma abin da Allah ya rubuta ba makawa. Na ce, "Hajiya, haka ne, amma ke kika koya mini cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali." Ta harare ni ta ce yaushe na zama malami. Abin da ya yi aiki a ƙarshe ba wa'azina ba ne. Autarmu ce, 'yar shekara biyar, da ta saba sai an ji ƙas ɗin kowa kafin in tayar da mota, ta ce, "Hajiya, ke muke jira." Ta ɗaura tana mita, har yau kuma tana mitar, amma tana ɗaurawa. Na sauke mata maƙalin bel ɗin yadda ba zai taɓa wuyanta ba. Maiɗakina lokacin da take da ciki ta ji tsoron zai matse ɗan. A asibiti aka nuna mata cewa na ƙasan a ƙarƙashin ciki yake bi, a kan ƙashin ƙugu, na saman kuma ta tsakiyar ƙirji.

Ga jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa tun 1988 kuma ta fara tilasta ɗaura bel a Janairun 2003, ina da roƙo ɗaya. Kun koya wa direba ya ja bel in ya hango ku, ya sake shi in ya wuce. Ku riƙa leƙa baya. Ba sai kun yanka tara ba. Ku sa a tsaya a tono bel ɗin nan daga ƙarƙashin riga a gabanku, ku ƙirga kawuna ku ƙirga bel. Ga 'yan'uwana masu wayarin da masu ɗinkin kujera kuma, kuɗin kashe fitila ko toshe bakin bel bai kai kuɗin cefanen kwana biyu ba. In mutum ya matsa, ku ce masa ya je wani wuri. Alhajina ma wani wurin ya tafi, na sani, don da na gan shi a masallaci ranar Juma'a ya ce mini an yi masa a minti biyar. Mun gaisa lafiya lau.

Kada kuma in nuna kamar na warware komai a gidana. Mu tara ne: ni, maiɗakina, Hajiya, da yara shida. Bel takwas ne. Don haka babban ɗana, mai shekara 17, motar haya yake bi zuwa Azare. Motocin layin kuwa su ne dai waɗannan, Sienna da Sharan ɗin da muke kira Sharon, wadda Volkswagen ya fara yi a 1995 da kujeru bakwai ɗai-ɗai, amma a tasha huɗu ake jerawa a layi, biyu a gaba. Ba na ganin baiken direbobin kaɗai, na san abin da suke biya a gidan mai da abin da ake karɓa a hannunsu a hanya. Sai dai ni na cire ɗana daga motar da na tabbatar da tayarta da jakunkunanta, na sa shi a wadda ban san komai nata ba, kuma duk tafiyar hankalina na kansa. Abin da na iya yi shi ne in kai shi tasha da sassafe, in zagaya motar da ke kan layi in karanta lambobin tayoyinta, in biya kuɗin mutum biyu na gidan gaba don ya zauna shi kaɗai ya ɗaura bel. Bara sai da muka bar mota biyu suka tashi kafin muka samu wadda bel ɗinta na gaba ke cijewa. 'Yan kamasho sun gane ni yanzu, da sun hango ni sai su ce ga mai sayen kujera biyu ya zo. Bana ma ranar Laraba za mu je, in Allah ya kai mu.

Na gode da wannan fili.

Naka,
Wani mai wayarin mota,
Kano.